Yadda na kwashe akwatin kaset ɗin mahaifina zuwa memori

Wanda ya san kasuwar Dole a shekarun 1990 ya san ba a wuce wurin masu kaset da kunne a huce. Kowane mai tebur da lasifikarsa, wannan ya saki kalangu, na gefensa ya saki wa'azi, na can gaba waƙar Indiya, kowa yana neman ya danne muryar ɗan'uwansa. Yau in kana neman sabon kaset wanda ba a ɗauki komai a kansa ba, sai ka zaga Damagaram ka gaji. Samari masu kwamfuta ne suka gaji sana'ar. Ka miƙa musu memori ko waya, kafin ka gama gaisawa da mai shagon kusa sun tura maka waƙa ɗari, ka ba da 'yan daloli ka kama gabanka.

Ni tela ne, kuma na daɗe ban bi wannan sauyi ba, domin abin saurare ya yi mini yawa a gida. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direba ne. Shekara da shekaru yana bin hanyar Damagaram zuwa Kano ta Matamaye da Daura, kuma da wuya ya dawo babu kaset a aljihun gaban rigarsa. Wasu a Ƙofar Wambai ya saye su, wasu abokan tasha suka kwafa masa, wasu shi da kansa ya ɗauka daga rediyo. Bayan rasuwarsa akwatin ƙarfen da yake tara su ya dawo ɗakina. Na riƙa ɗibar biyu ko uku ina kaiwa shago, keke na tafiya, rikoda na tafiya.

Abin da ya tayar da ni shi ne na lura muryoyin suna dusashewa. Kaset ɗin da na san kiɗansa tun ina yaro, wanda ake jin kowane bugun kalangu tsaf, ya koma dishi-dishi. Zaren kaset leda ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe, sautin kuma a jikin garin nan yake kwance ta hanyar maganaɗisu. Duk sanda aka kunna, zaren yana gogar kan rikoda, wato ɗan ƙarfen da ke karanta sautin, kaɗan-kaɗan garin yana zuba. Ga zafinmu na Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, a ɗaki mai rufin kwano. Ga ƙurar hunturu da ba ta ƙyale ko cikin akwati ba. Tun 1963 kamfanin Philips ya fito da kaset, wasu daga cikin namu kuma sun haura shekara arba'in. Ranar da rikodar shago ta cinye mini zaren wani kaset na Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fadar Damagaram, ta cukuikuye shi a cikinta, na rufe akwatin na ce ba zan ƙara kunna ko ɗaya ba sai don kwashewa.

Da fari na je wurin wani yaro mai tura waƙa da 'yan kaset a leda. Ya jujjuya su ya ce, "Yaya, ai duk waɗannan ina da su, kada ka wahalar da kanka." Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Waƙoƙin manyan makaɗa da suka karaɗe ƙasar Hausa suna nan a kwamfutarsa, ya cika mini memori nan take. Da na zauna saurare sai na ga irin kayan da ke yawo a wayoyin mutane. Yawancin fayilolin ba su da suna, lambobi ne kawai. Waƙa ɗaya na same ta sau uku, kowace da sunan makaɗi daban. Wata an yanke ta a tsakiyar baiti. Wata kuwa da jin ta ka san waya aka kara a bakin lasifika aka ɗauka, har da ƙarar kabu-kabu da ya wuce a lokacin. Sauran abin da ke akwatinmu kuma bai taɓa jin sa ba, babu kuma inda zai same shi.

Sai na zazzage akwatin a tabarma na rarraba. Na kasuwa, masu hoto a bango, na tura su gefe, don ko sun lalace akwai su a wani wuri. Na rediyo na sa su a tsakiya: shirye-shiryen Hausa na Muryar Sahel, waƙoƙin samariya na zamanin Seyni Kunce, tafsirin azumi, wani lokaci har da sanarwar rasuwa da ta faɗo a tsakiyar ɗauka. Waɗanda na jawo gabana su ne na gida, marasa hoto, waɗanda mahaifina ya rubuta wa suna da ajami a jikin 'yar takardar, wasu ma babu rubutun ko kaɗan. Bukukuwa ne, da suna, da wasiƙun murya. Waɗannan in sun tafi sun tafi ke nan, don haka da su ya kamata a fara, sai dai ba da su ake koyon aiki ba. Da na kasuwa na koyi hannu.

Kafin komai na bi su ɗaya bayan ɗaya na ɓalle 'yan haƙoran nan biyu da ke saman kowane kaset. In babu su, jan maɓallin ɗauka ba ya dannuwa, yaro ko baƙo ba zai shafe maka abu da kuskure ba.

Samun rikoda mai lafiya shi ne ya fi cin lokaci. Akwai wasu ƙanana da ake kawowa yanzu masu kwashe kaset kai tsaye zuwa kile, wato memorin USB, na gwada ta wani abokina, muryar tana rawa, ga huci ya fi waƙar ƙarfi. Na mayar masa. Wani dattijo mai gyaran rediyo a Zango, wanda yanzu rabin aikinsa gyaran fitilar sola ne da fanka, shi ya zaƙulo mini tsohuwar rikoda 'yar Japan daga ƙarƙashin tebur. Ya buɗe ta a gabana. Bel ɗin robar da ke juya ta ya narke ya zama baƙin danƙo, sai da ya kankare shi da tsinke ya goge da alkol na farmasi kafin ya sa wani. Ya nuna mini 'yar tayar robar da ke matse zare tana jan sa. Ta yi santsi tana ƙyalli, ya ce ita ce mai cin kaset, ba rikoda ba. Ya goge ta da auduga har audugar ta daina fitowa da ja.

Daga nan ya koya mini abin da ya fi komai amfani a wannan aiki. A gefen kan rikoda akwai wani ɗan sukuru. Ya sa kaset, ya ba ni abin kunne, ya ɗauki sukudireba ƙarama yana murza sukurun kaɗan-kaɗan. Ya ce, "Saurara da kyau, ɗana, ka gaya mini inda ta buɗe." Yana murzawa muryar tana toshewa, ya dawo da shi baya, can sai na ji shantu da tafi sun fito sarai, abin da ban ma san yana cikin kaset ɗin ba. Dalili shi ne kowane kaset a rikoda daban aka ɗauke shi, kuma kan kowace rikoda da irin karkatarsa. In kan taka bai daidaita da na wadda ta ɗauka ba, siraran sautuka sun ɓace. Ya ce masu gyara sukan ɗiga jan farce a sukurun don kada ya motsa, amma ni ya bar mini shi a sake, in riƙa daidaitawa ga kowane kaset. Na tambaye shi ladan aikinsa, ya ce, "Ba da abin da ya sauwaƙa. In ka gama ka kawo mini na samariya in ji."

Haɗa rikoda da kwamfuta ba wuya, amma akwai tarko. Ramin da ke jikin yawancin kwamfutocin hannu na makirfo ne, sautin rikoda ya fi ƙarfinsa, murya sai ta fashe. Ƙanena da ke karatu a jami'ar nan ta Damagaram ya samo mini ɗan akwatin sauti mai shiga ta USB, ya kuma saka mini Audacity, manhajar ɗaukar sauti ce ta kyauta. Ya nuna mini ma'aunin da ke hawa yana sauka, ya ce kada in bari ya taɓa ja. Gara sautin ya shiga da ɗan rauni a ƙara masa ƙarfi daga baya, don wanda ya fashe ba ya gyaruwa. Sai wani gurnani da ya riƙa bin duk abin da na ɗauka, ashe daga cajar kwamfuta yake. Ana zare ta ya ɗauke. Wayar salula ma sai an kai ta wani ɗaki, in ba haka ba kira na shigowa za ka ji tsatsarta ta shiga cikin waƙa.

Na yi yawancin aikin ne bayan Agustan 2023, lokacin da aka yanke layin wutar da ke zuwa daga Najeriya, kuran ya zama sai an gani. Rikoda tana jan zare santimita 4.76 a kowane sakan, kuma in ƙarfin wuta ya ragu gudun yana raguwa, muryar mace ta koma ta namiji, waƙa ta yi nauyi. Da pil, wato ƙananan batira, wannan yana faruwa a hankali har ba ka lura sai ka dawo saurare. Dattijon nan ya haɗa mini ita da batirin sola ta wata 'yar na'ura mai daidaita wuta, matsalar ta ƙare.

Ba a gaggauta kaset. Mai minti 90 sai ya ci minti 90 ɗinsa, 45 kowane gefe, kana zaune. Da farko na ga kamar zan iya kunnawa in koma kan keke in dawo in ya ƙare, amma ƙarar keke ba ta barin ka ji in zare ya fara lanƙwasa, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan rikoda za ta tauna abin da ba ya dawowa. Sai na mayar da aikin bayan sallar isha'i, yara sun kwanta, yatsana kusa da maɓallin tsayarwa. Zaman nan shi ya sa na ji abin da shekaru ina kunna kaset ɗin ban ji ba, saboda a shago waƙa na ƙarewa nake juyawa. A ƙarshen wani gefe, bayan waƙar ta ƙare da shiru mai ɗan tsawo, sai ga muryar mahaifina yana gwada sabuwar rikoda. Ya yi sallama, ya faɗi sunansa da unguwarsa, ya ce wa wani yaro ya matsa daga jikin waya, ya yi dariya, ya kashe. Bai kai minti ɗaya ba. A duk akwatin, nan kaɗai muryarsa take. Na tsayar da aiki a daren, washegari na kai wa mahaifiyata ta ji.

Tun daga nan ba na yanke ɗauka sai zare ya kai ƙarshe maɓalli ya tashi da kansa.

Wasu kaset ɗin sai da aka yi musu jinya. Wanda ya daɗe a ajiye zarensa yakan manne, don haka nakan zura biro in juya shi da hannu, sannan in kai shi ƙarshe in dawo da shi farko kafin in kunna. Akwai ɗan soso ƙarami a bakin kaset da ke tura zare jikin kan rikoda. Gam ɗinsa yakan bushe ya faɗi, in babu shi murya ba ta fita, sai in ciro na wani kaset ɗin kasuwa in manna. Wanda gidansa ya lanƙwashe da zafi nakan kwance sukurorinsa biyar in ɗauke zaren in mayar a gidan wani. Wanda ya tsinke kuma, a da da jan farce muke haɗawa, amma yana taurara wurin ya ɓata na kusa da shi. Salatif siriri ya fi, a yanka shi daidai faɗin zaren, a manna ta baya, gefen da ba ya taɓa kai. Masu minti 120 su suka fi ba ni tsoro, zarensu ya fi na sauran siranta, abu kaɗan ya miƙe.

Maganar irin fayil ɗin da za a ajiye, nan muka yi gardama da ƙanena. Shi yana ganin a mayar da komai MP3 a huta. MP3 dabara ce da aka ƙirƙiro galibi a cibiyar Fraunhofer ta Jamus a farkon shekarun 1990, kuma yadda take rage nauyi shi ne ta zubar da sassan sautin da ake ganin kunne ba zai lura da rashinsu ba. Bambancin nauyin babba ne. Minti ɗaya a WAV, wato fayil ɗin da ba a matse ba, da ingancin faifan CD, yana cin kusan mega 10. A MP3 mai lamba 128 kusan mega 1 ne. Wato memori mai giga 32 zai ɗauki kaset masu minti 90 guda talatin da 'yan kai a WAV, amma sama da 300 a MP3. Na fahimci hujjarsa. Tawa hujjar ita ce abin da aka zubar ba ya dawowa, kuma duk sanda aka buɗe MP3 aka gyara aka sake matse shi, ƙara zubarwa ake yi. Kaset ɗin da zai yiwu wannan ne karo na ƙarshe da zai kunnu, ban ga dalilin da zan zubar da wani abu nasa tun a ranar farko ba. Muka tsaya a kan biyu. Na asali ina ajiye shi a FLAC, wanda ke rage nauyi zuwa wajen rabi ba tare da ya zubar da komai ba. Daga shi nake fitar da MP3 na saurare da na rabawa, tunda ƙananan rediyoyin nan masu cin memori da ke kowace fada MP3 suka sani.

Akwai kuma maɓallin cire huci a Audacity, wanda samari ke so ƙwarai. Na gwada shi a kan waƙar wata zabiya. Hucin ya tafi, amma ya tafi da amon ƙwarya, muryar ta koma ta ƙarfe. Na asali ba na taɓa shi. Hucin kaset kunne yana mantawa da shi bayan minti biyu.

Faifan CD ba su ba ni aiki ba. Sautinsu tun asali lambobi ne, tun da Sony da Philips suka fito da su a 1982, don haka kwamfuta kwafa kawai take yi, cikin 'yan mintoci. Abin da ya ba ni mamaki shi ne sun riga kaset mutuwa. Waɗanda aka ƙona a kasuwa a shekarun 2000, da yawa fatar samansu ta ɓare, in ka ɗaga su a rana kana hango haske ta cikin ƙananan huji. Kaset ɗin da ya girme su da shekara ashirin yana nan yana magana, ko da dishi-dishi. Waɗanda suka karanta na kwashe, sauran na haƙura.

Duk wannan da na faɗa rabin aikin ne, kuma shi ne rabi mai sauƙi. Fayil ba shi da bango, ba shi da rubutun hannun kowa. In ban sa masa suna ba, gobe zai shiga wayar wani ya zama lamba irin waɗanda yaron kasuwa ya tura mini. Ni kuma kaset da yawa ban san ko bikin wa ba ne, ban san mai waƙar ba. Sai na fara zuwa Birni wurin Gwaggo, yayar mahaifina, bayan la'asar, da waya da 'yar lasifika da littafin rubutu irin na 'yan lakwal. Sunan mahaifinta gare ni, don haka Babana take ce mini.

Na kunna mata wani na biki. Ta sunkuyar da kai tana jan carbi, ba ta ce komai ba har aka yi nisa. Aka rangaɗa guɗa. Ta ɗaga hannu.

"Babana, tsayar. Mayar da shi baya kaɗan."

Na mayar.

"Wannan guɗar ta kakarka ce ta wajen uwa. Babu mai ja mata numfashi haka a unguwar nan. To in ita ce, bikin ƙanwarmu ne, don a na farko tana jego ba ta zo ba."

"Gwaggo, wace shekara ke nan?"

"Ni ina na san shekarunku na Nasara? Shekarar da Kunce ya rasu ce. Har an sa rana aka ɗaga saboda makoki."

Seyni Kunce ya rasu a Nuwamban 1987, sai na rubuta. Haka muka riƙa yi. Wani ta ce bayan yunwar nan ce da aka raba jar dawa, na san 1984 zuwa 1985 take nufi. Wani ta ce lokacin da sefa ta karye kaya suka ninka, wato Janairun 1994. Ta san zabiyoyin da muryarsu, ta san wace ce daga Mirya, wace ce aka ɗauko daga Magarya, ta san wanda ake wasawa a kowane baiti da abin da ya ba da har aka ambace shi. Inda ba ta gane ba takan tura ni gidan wata tsohuwa ko wani tsohon abokin tashar mahaifina. Biyu daga cikin waɗanda ta tura ni wurinsu na tarar an yi sadakar arba'in ɗinsu. Ya kamata duk mai niyyar irin wannan aiki ya san cewa kaset zai iya jiran wata shekara a akwati, tsofaffin da suka san abin da ke cikinsa ne ba su da tabbas.

Sunan kowane fayil yana farawa da shekara, sai wuri, sai mai waƙa ko mai magana, sai dalilin taron, sai lambar da na rubuta a jikin kaset ɗin da gefen A ko B. Ba na sa haruffa masu ƙugiya a sunan fayil, don ƙananan rediyoyi da wasu wayoyi suna mayar da su alamar tambaya. Cikakken bayani da rubutu daidai yana cikin littafi. Kowane kaset kuma na ɗauki hotonsa gaba da baya, da ajamin mahaifina, na ajiye a jaka ɗaya da sautinsa.

Wasiƙun murya su ne suka kawo magana a cikin dangi. Ƙanen mahaifina ya yi shekaru yana aiki a Sabha ta Libiya, bai yi boko ba, sai ya riƙa ɗaukar magana a kaset yana ba masu dawowa gida. Yakan fara da gaisuwa, mutum-mutum, gida-gida, har jaririn da aka haifa bayan tafiyarsa, gaisuwar kaɗai takan ci kusan rabin gefe. Kana jin ana zuba shayi a kusa da shi, wani yana tuna masa wanda ya manta. Sannan ya shiga zance: kuɗin da ya aiko a sayi hatsi tun da kaka kafin ya yi tsada, a yaɓe soro kafin damina, a biya wane bashinsa. Amsoshin da aka mayar masa suna can, ba su dawo ba.

Da labari ya bazu cewa na kwashe su, 'yan'uwa suka ce in zuba a zauren WhatsApp na dangi kowa ya ji. Na ƙi, kuma har yanzu wasu ba su ji daɗi ba. A cikin wasiƙun akwai maganar bashi da sunayen mutanen da 'ya'yansu ke raye, akwai maganar wani aure da bai yiwu ba. Baffa ya faɗe su ne ga yayansa, a kaset ɗaya da za a kunna a ɗaki a rufe ƙofa. Kaset yana da iyaka, sai wanda ya riƙe shi a hannu. Fayil kuwa in ya fita sau ɗaya, kafin magariba ya kai Agadas da Kano, kuma babu mai iya kiran sa ya dawo. Na kai wa 'ya'yansa nasu a memori, hannu da hannu, su suke da iko da shi. Gaisuwar kaɗai na yanko, da izininsu, na sa a zauren. Na bukukuwa da na rediyo kuwa na raba wa duk mai so, kuma nakan aika su a matsayin takarda, abin da WhatsApp ke kira document, don ta haka suke isa da sunansu da nauyinsu yadda na ajiye.

Ajiya ma sai da lura. Kaset yana tsufa ne irin na mutum, yau ƙafa gobe ido, kana gani kana shiri. Memori lafiya lau da safe, da rana ya ce babu komai a cikinsa. Na sayi wani da aka rubuta wa giga 64 da araha, na zuba masa kaya ya karɓa, sunayen duk suna nan, amma da na zo kunnawa mafi yawansu ba sa buɗuwa. Na jabu ne, cikinsa bai kai abin da aka rubuta ba. Allah ya sa na asali suna kwamfuta. Yanzu duk wanda na saya sai na cika shi taf, in kunna na farko da na tsakiya da na ƙarshe, kafin in yarda da shi. Ba na kuma wuce giga 32 ga na rediyo, don da yawansu ba sa karanta wanda ya fi haka. Na asali suna wuri uku: a kwamfuta, a wani faifan ajiya da ke gidan Gwaggo cikin kwalla, da wani a wurin ƙanwata da ke aure a Maraɗi. Duk bayan sallar layya nakan karɓo na Birni in jona in tabbatar yana buɗuwa. Kaset ɗin kansu ban zubar da ko ɗaya ba. Na mayar da su akwati a tsaye, na ɗauke shi daga ɗakin kwano zuwa na ƙasa, nesa da lasifika saboda maganaɗisunta.

Yanzu a shago 'yar rediyo mai memori ce ke aiki, kuma ba zan ɓoye ba, ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ba juyawa, ba cin zare, caji ɗaya ya kai ni dare. Abin da na lura da shi a kaina shi ne hannuna ya koyi tsallakewa. Da can in na sa kaset sai na ji shi har ƙarshe, da wadda nake so da wadda ban damu da ita ba, har ta zo ta shiga raina. Saboda haka na MP3 ɗin ma ban yayyanka su waƙa-waƙa ba, kowane gefe fayil ɗaya ne, yadda mahaifina ya jera su.

Maƙwabta sun fara kawo nasu a buhu da kwali. Ba na karɓar kuɗi sai na memori, amma ina da sharaɗi: mai kaset ya zo ya zauna a ji tare, in kuma bai san abin da ke ciki ba ya zo da wanda ya sani. Wanda ke hannuna yanzu tafsirin wani malamin unguwarmu ne da ya rasu, ɗansa ya kawo, azumi guda cur, kuma kusan duka a kan masu minti 120 aka ɗauka. Bel ɗin rikodar ya fara saki, na ba wani direba saƙo ya duba mini irinsa a Kano. Sai ya iso za mu fara.